Tambaya da Amsa: Tsuntsun Aljanna a Cikin Falo

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi shukar tsuntsun aljanna wajen masu sayar da furanni a bakin titi, na ajiye ta a kusurwar falo kusa da talabijin. Kullum sai na ba ta ruwa, amma ganyen ƙasa sai rawaya suke yi, ga shi ko sau ɗaya ba ta yi fure ba. Ina matsalar take?
Wata uwargida daga Hotoro

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Duhu ne ke cin shukar nan taki, yawan ruwan kuma ya zo ya ƙara mata ciwo. Tsuntsun aljanna, wadda masana ke kira Strelitzia, 'yar Afirka ta Kudu ce, a fili ta saba tsayawa rana na dukanta. Falonmu na Kano kuwa labule mai kauri ne a kowace taga saboda zafi da ƙura. Shukar da ba ta samun haske ba ta shan ruwa sosai, sai ruwan ya kwanta a tukunya. Saiwarta kuma mai kauri ce kamar rogo, dama tana ajiye nata ruwan, don haka ba ta jure jiƙa.

Ki matsar da ita bakin tagar gabas, ki yaye labule, ta samu ranar safe zuwa hantsi, awa 4 zuwa 6. In tagar yamma kike da ita, ki bar labule mara kauri a tsakani daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, domin ranar la'asar ta bayan gilashi tana ƙona ganye.

Ki daina ban ruwa na kullum. Ki cusa yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, kimanin santimita 5. In da danshi, ki ƙyale ta. In ta bushe, ki zuba har ruwa ya fito ta hudar gindin tukunya, bayan minti 20 ki zubar da wanda ya taru a faranti.

Tunda rawaya ta riga ta bayyana, ki zare ta daga tukunya ki duba saiwar. Lafiyayyiya fara ce mai tauri. Wadda ta yi baƙi, ta yi laushi tana wari, ki yanke ta da wuƙa mai tsabta. Ki sake dasawa a haɗin kashi 2 na ƙasar lambu, kashi 1 na yashi, kashi 1 na takin da ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin awaki ko na kaji ƙona saiwa yake yi. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba, muddin tana da huda.

Batun fure kuma, ki fara sanin wacce aka sayar miki. Strelitzia reginae ba ta cika wuce mita 1.5 ba, ita ce mai fure ruwan lemo da shuɗi. Strelitzia nicolai mai manyan ganye ce, furenta fari, kuma da wuya ta yi shi a cikin ɗaki. Ko reginae ɗin sai ta kai shekara 4 zuwa 5. Tana kuma son matsatsi, masu yawan sauya mata babbar tukunya ganye kawai suke samu. In sauyi ya zama dole, faɗin sabuwar kada ya ɗara tsohuwar da fiye da santimita 5. Da damina ki barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a gefen tukunya sau ɗaya a wata, nesa da gindin, ki bi shi da ruwa. Da hunturu a dakata da takin.

Tambaya: Tun shigowar hunturu bakin ganyen tawa ke bushewa, wasu sun naɗe, wasu sun tsattsage. In yanke su?
Wani malamin makaranta daga Gwale

Amsa: Malam, tsagewar ba ciwo ba ce, haka ganyen yake yi don iska ta wuce, kada ka taɓa shi. Naɗewa da bushewar baki kuwa aikin busasshiyar iska ne, musamman in na'urar sanyaya ɗaki ko fanka na hura ta kai tsaye. Ka kawar da ita daga wurin, ka riƙa goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma mako-mako, sama da ƙasan ganye. Kada ka shafa mai don ya yi sheƙi, ƙura zai ƙara kamawa.

In ka ga farin ɓawo a saman ƙasar, gishirin ruwan burtsatse ne ya taru. Ka fitar da tukunyar tsakar gida ka kwarara mata ruwa sosai ya wanke ta. Ruwan sama ya fi, ga mai iya tarawa. Ka kuma leƙa inda ganye ya haɗu da kara, nan ƙwarin nan farare masu kama da auduga ke ɓuya. Ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita 1, a fesa da yamma duk mako har sau 3. Ganyen da ya bushe ƙurmus shi kaɗai za ka yanke, daga can tushe. In akwai ƙananan yara ko kyanwa a gidan, a hana su tauna furen da 'ya'yansa, suna sa amai.