Tambaya da Amsa: Ƙawata tana son a ɗaga mata hanci a Koriya

Tambaya: Salam Anti, ni ɗaliba ce a Kuala Lumpur, ƙawata da muke ɗaki ɗaya 'yar China ce, ta dage sai ta je Seoul an ɗaga mata karan hanci, kuɗin ma ta tara. Wlh tsoro nake ji mata. Wai me ake saka musu a hancin ne, kuma akwai hatsari?

Amsa: Wa alaikis salam ƙanwata. Tsoronki yana kan hanya gsky. Turawa yawanci rage hanci suke zuwa yi, su kuma mutanen gabashin Asiya ƙari suke nema, don karan hancinsu a kwance yake, fatar da kauri, guringuntsin ciki kuma ƙarami ne ba ƙarfi, kusan irin namu dai.

Abin da aka fi sakawa a Koriya da China silikon ne ko Gore-Tex, dukkansu wasu nau'in roba ne, aikin ba ya daɗewa kuma ya fi sauƙin kuɗi, amma fa baƙon abu ne a jiki, yana iya gocewa gefe ko ƙwayoyin cuta su kama wurin, wani lokacin bayan shekaru naman da ya kewaye shi ya tsuke hancin ya gajarce ya ɗage sama har ana hango ƙofofin. Wanda na fi ƙi shi ne silikon mai siffar L da ke saukowa har tsinin hanci, yana danna fata tana sirancewa, wasu har sai ya huda ya leƙo waje. Dan Allah ki ce mata tsinin kam a yi shi da guringuntsin jikinta, na tsakiyar hanci ko na kunne, in ana buƙatar mai yawa a ciro na haƙarƙari, shi kuma yana barin tabo a ƙirji da ciwo, kuma yakan ɗan lanƙwashe daga baya.

In wani ya ce mata ai allurar fila, wato ruwa mai kauri da ake ɗurawa a ƙarƙashin fata don a ciko wurin, ta fi sauƙi, eh ba yanka, amma wata 6 zuwa 18 ta narke, kuma in ta shiga jijiyar jini tana iya kashe fata ko ta makantar da ido. Kar ta yarda a yi mata a shagon gyaran jiki.

Unguwar Gangnam da ke Seoul cike take da asibitocin nan, kuma an sha kama masu sauya likita bayan an sa wa mutum maganin barci, shi ya sa tun Satumbar 2023 doka ta tilasta saka kyamara a ɗakin tiyata, tana da damar neman a ɗauki bidiyon aikin nata. Ta tabbatar likitan ƙwararren tiyatar gyaran jiki ne mai lasisi, ta tambayi wa zai duba ta in matsala ta taso bayan ta koma Malesiya. Abin da ake tallafe hancin da shi sati ɗaya ake cirewa, amma kumburin tsini a fata mai kauri yakan kai shekara, kar ta ga hancin a wata na biyu ta tada hankali ta ce sai an sake.