Gajiyar da barci ba ya kore ta: tambaya kan cutar MS

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 32, kuma shekara biyu ke nan da aka tabbatar ina da cutar MS (multiple sclerosis), wadda ke taɓa jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ƙafafuna na aiki, idona ya warware, amma gajiya ta hana ni sakat. Ina tashi da safe kamar ban runtsa ba, kafin la'asar jikina ya mutu murus. Har an fara cewa lalaci ne. Me ke kawo wannan?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ba lalaci ba ne, kuma ina so ki nuna wa masu faɗin haka wannan amsa. Aƙalla uku cikin huɗu na masu MS suna fama da wannan gajiya, da yawansu ma ita ta fi damunsu. Tana iya tsananta ko ga wanda yake tafiya garau.

Wani kaso nata daga cutar kanta yake. A MS, garkuwar jiki ce ke kai farmaki kan mayalin, wato rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka kamar robar wayar lantarki. Idan rigar ta zaizaye, saƙo ba ya wucewa da sauri, sai ƙwaƙwalwa ta nemi wata hanya ta zagaye. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna mai MS kan kunna sassa fiye da na mai lafiya don yin ƙaramin aiki iri ɗaya. Ga kuma sinadaran kumburi da garkuwar jiki ke saki, irin waɗanda ke saukar da kasala lokacin mura.

Zafi na ƙara dagula lamarin. Tun 1890 wani likitan ido ɗan Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya lura ganin wasu majinyata na dusashewa bayan sun motsa jiki. Jijiyar da rigarta ta lalace ba ta jure ɗumi. Ko rabin digiri zafin jiki ya ƙaru, saƙo na iya tsayawa. Wanka da ruwan zafi, zazzaɓi, da ɗan ƙarin ɗumin jiki da kowa ke samu da yamma duk suna cikin lissafi. Da jiki ya huce, alamun kan lafa.

Sai dai inda na fi mayar da hankali shi ne ɗaya kason, domin nan ake samun gyara. Ki fara da darenki. Sau nawa fitsari ke tashinki? Ƙafa na ɗaurewa, ko kina jin sai kin yi ta motsa ta? An taɓa ce miki kina minshari har numfashi ya ɗauke? Mutum na iya kwanciya awa takwas alhali barcin a gutsure yake, kuma kowanne cikin waɗannan yana da magani.

Sannan ciwon damuwa. Kusan rabin masu MS na gamuwa da shi a wani lokaci na rayuwarsu, shi da gajiya kuwa kowanne na rura wutar ɗan uwansa. Yana ba ni takaici yadda ake jin nauyin ambatonsa a gaban likita, alhali ana warkewa.

A duba magungunanki ma. Baclofen na sassauta tsoka, gabapentin da amitriptyline na ciwon jijiya, da wasu magungunan ƙaiƙayi, duk suna sa kasala. Allurar interferon, da ake yi wa wasu masu MS, kan bar mutum kamar mai mura washegari. Kada ki daina ko ɗaya da kanki, musamman baclofen, don yanke shi farat ɗaya na da haɗari. Likitanki zai iya sauya lokacin sha ko ya rage adadi. Ki nemi a gwada jininki don ƙarancin jini, aikin halittar tayirod ta maƙogwaro da bitamin B12, a kuma gwada fitsari, domin cutar mafitsara kan ɓuya ba tare da raɗaɗi ba.

Game da ƙwayar kore gajiya, ba zan ɗora ki a kan buri ba. Wani gwaji da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2021, ya gano amantadine, modafinil da methylphenidate ba su fi ƙwayar da ba magani a cikinta tasiri ba. Abin da ya fi nuna amfani shi ne motsa jiki daidai gwargwado, da zaman koyon sarrafa tunani da tsara ƙarfin yini. Yawan kwanciya na raunana tsoka, sai ƙaramin aiki ya zama babba. Ki fara da tafiyar minti biyar zuwa goma a lokacin sanyi, ki ƙara a hankali.

Kafin ki koma asibiti, ki yi mako biyu kina rubuta lokacin da gajiyar ta fi tsanani, yadda kika kwana, da abin da kika sha. Idan kuwa ta ƙaru kwatsam tare da sabon rauni, dusashewar gani ko mutuwar wani sashe na jiki da ya wuce awa 24, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki je a duba ki.