Amsa ga mai niyyar kai yara Gidan Zu na Kano

Assalamu alaikum. Hajiya, na karanta tambayarki cewa kina son kawo yaranki daga Katsina su ga Gidan Zu na Kano a hutun ƙaramar Sallah, kina kuma neman sanin ranar da ta fi dacewa da abin da za su tarar a ciki. Ni malamin firamare ne a nan Kano, na kuma daɗe ina kai ɗalibaina da 'ya'yana wurin, don haka zan faɗi abin da na gani da idona.

Idan har dabbobin kike so yaran su gani, to ki kauce wa ranakun yawon Sallah. A waɗannan kwanaki Titin Gidan Zu yana cushewa da motoci da adaidaita sahu tun kafin azahar, layin tikiti ya yi tsawo, a ciki kuwa yaro ƙarami ba ya ganin komai sai bayan manya, in ba an saɓa shi a kafaɗa ba. Wata shekara ɗan ƙanwata mai shekara 5 ya sulale daga hannuna a gaban kejin birai, na yi kusan rabin sa'a ina kutsawa cikin jama'a hankalina a tashe, kafin na same shi zaune kusa da wata baiwar Allah mai sayar da ruwa, wadda ta riƙe shi tana lallashinsa. Tun daga ranar ba na shiga da yaro sai na rubuta lambar wayata a takarda na sa masa a aljihu. Ki bari Sallah ta kwana biyar ko shida, ki zo ranar aiki, da safe. Wannan ya fi muhimmanci yanzu da ƙaramar Sallah take faɗowa a lokacin zafi, domin rana na ɗagawa kowace dabba take neman inuwa ta kwanta.

Gidan yana ɗauke da sunan Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, kuma a farkon shekarun 1970 aka kafa shi, lokacin da wurin yake bayan gari. Yau birni ya kewaye shi ta kowace fuska, amma manyan itatuwan ciki suna nan, har mutum yakan ji iskar ta sauya da zarar ya wuce ƙofa. Filin yana da faɗi sosai, saboda haka a sa wa yara takalma masu sauƙin tafiya, a kuma riƙe ruwan sha isasshe.

Kowane yaro zaki yake fara tambaya, kuma a nan ne yawancinsu suke karaya, don sau da yawa za a tarar da shi kwance ko motsi ba ya yi. Ba ciwo ba ne kuma ba lalaci ba ne. Ko a dawa zaki yana iya shafe sa'a 20 a yini yana hutawa, sai da yamma da dare yake tashi. Abin da yake ƙona mini rai shi ne ganin wasu 'yan kallo, har da magidanta, suna jifansa ko suna dukan ƙarfen keji wai don ya yi ruri. Ki gaya wa yaran tun daga gida cewa wannan cutarwa ce, ki kuma sanar da su cewa zakunan da suka saura a dazuzzukan Najeriya 'yan kaɗan ne, a Yankari ta Jihar Bauchi da yankin Kainji. A watan Oktoban 2019 wani zaki ya kuɓuce daga kejinsa, aka rufe gidan har aka kama shi bayan kusan kwana biyu ba tare da ya fita waje ba, kuma hakan ya isa ya nuna cewa shingen da aka yi ba na ado ba ne, kada a bar yaro ya tsallake shi.

Ni wurin kura na fi son in tsaya da ɗalibai. Sun taso da jin ta a tatsuniya, wawiya mai kwaɗayi wadda Gizo yake yaudara kullum, wasu kuma sun gan ta a hannun gardawa da takunkumi da sarƙa. Idan suka tsaya shiru suka dube ta da kyau, sai su ga kafaɗun gaba sun fi na baya tsawo, wuyan kauri, kunnuwan suna juyawa da kowace ƙara. Nan nake bayyana musu cewa muƙamuƙinta yana farfasa ƙashi, cewa ba mushe kaɗai take ci ba, farauta take yi da dabara, kuma a wurin kura mai dabbare-dabbare mace ce ta fi namiji girma, ita ce kuma shugabar garke. Wata ɗalibata ta taɓa ce mini, "Malam, ashe ba wawiya ba ce," kuma har muka koma makaranta maganar kura take yi.

A wurin jimina a sa su ƙirga yatsun ƙafarta, biyu ne kacal, sannan a faɗa musu cewa ba ta tashi sama amma tana gudun da ya kai kilomita 70 a sa'a. Kada su matsa kusa, don tana miƙo wuya ta cafki abu mai ƙyalli. Shi kuwa kada, idan suka gan shi baki buɗe kamar gunki, zafin jikinsa yake ragewa.

Birai su ne suka fi jan yara, su ne kuma suka fi bukatar sa ido. Hannunsu yana da sauri fiye da yadda ake zato, suna fizge gyale ko leda ta tsakanin ƙarafa, kuma biskit da alewar da ake jefa musu suna ɓata musu ciki. Idan yaro yana da tambaya, a kai shi wurin ma'aikacin da yake kula da kejin, domin su ne suka san halin kowace dabba da lokacin cin abincinta. Idan kuka shiga da hantsi, sa'a uku ta ishe ku zagayawa a natse, ku yi azahar, ku kama hanyar Katsina da sauran rana. Allah ya kawo ku lafiya.