Fatawa: Shin Ya Halatta a Ce Tauraro Mai Wutsiya ne Ya Dusashe Rana a Shekarar 536?

Tambaya: Malam, ni malamin sakandare ne. Na faɗa wa ɗalibaina cewa a shekarar 536 Miladiyya rana ta dusashe, aka yi sanyi da yunwa, kuma wasu masana na ganin ɓaraguzan tauraro mai wutsiya ne suka jawo hakan. Sai wani uba ya zo ya ce na koyar da shirka, tunda hadisi ya hana jingina ruwan sama ga taurari. Na yi kuskure?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ɗan'uwa, ba ka yi shirka ba. Shi ma uban kishin tauhidi ne ya kawo shi, a gode masa, sai dai ya ɗora hadisin a inda ba muhallinsa ba.

Abin dai ya faru, kimanin shekara 34 kafin haihuwar Manzon Allah (SAW). Marubucin tarihin Rumawa, Procopius, ya ce shekarar nan gaba ɗaya rana ta yi ta ba da haske marar ƙarfi kamar na wata. A Sin an rubuta saukar dusar ƙanƙara a tsakiyar lokacin zafi, a Ayalan kuma an rubuta rashin burodi. A 541 annoba ta ɓulla a Misira ta mamaye daular Rum.

Hadisin da uban yake nufi shi ne na Zaidu bin Khalid al-Juhani, a Bukhari da Muslim. Bayan ruwan da aka yi da dare a Hudaibiyya, Annabi (SAW) ya ba da labari daga Ubangijinsa cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa ya yi imani da Allah, wanda kuma ya ce an yi mana ruwa da tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro. Larabawan jahiliyya sun ɗauka faɗuwar wani tauraro da fitowar wani ne ke saukar da ruwa, alhali babu wata alaƙa da Allah ya sanya tsakaninsu. Imamu Shafi'i ya bambance: wanda ya ƙudurce tauraron ne mai aikin ya kafirta, wanda kuwa yake nufin lokacin da aka saba samun ruwa bai kafirta ba. To maganarka ma ba ta shiga wannan babi ba. Kai cewa ka yi wani abu mai jiki ya faɗo, ƙurarsa ta tare hasken rana. Wannan sababi ne da ido ke gani, irin hazon hunturu da ke rufe rana a Kano har jirgi ya kasa sauka. Ba wanda ya taɓa cewa mai faɗin "hazo ya rufe rana" ya yi shirka, matuƙar ya san wanda ya taso da iskar.

Inda zan ja kunnenka daban ne. Allah Ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Batun tauraro mai wutsiya zato ne. Mike Baillie na jami'ar Queen's da ke Belfast ya yi fice da shi bayan ya ga yadda zoben cikin itatuwa, wanda ke nuna girman da itace ya yi kowace shekara, ya ƙuntata a waɗannan shekaru, a lokacin da ba a daidaita shekarun alamar aman wutar duwatsu da ke cikin tsohuwar ƙanƙara mai taruwa shekara bayan shekara ba. Dallas Abbott ta jami'ar Columbia ita ma ta kawo hujjar wasu ƙananan ɓarɓashi a ƙanƙarar Girinland, waɗanda take ganin na tauraro mai wutsiya ne. Amma da aka gyara lissafin shekarun ƙanƙarar a binciken 2015, sai gishirin farar wuta, wanda dutse mai aman wuta ke fesawa sama, ya faɗo daidai kan 536, wani kuma wajen 540. A 2018 binciken ƙanƙarar tsaunin Suwizalan ya nuna cewa a wajen ƙasar Aisland aka yi aman wutar. Yau rinjayen masana yana kan aman wuta, kuma amana ta wajabta maka ka gaya wa yara haka.

Ina kuma hana ka wani abu da na ga matasa suna yi: ɗauko ayar hayaƙi ta Suratud Dukhan a liƙa wa shekarar 536. Ibnu Mas'ud ya fassara ta da yunwar da ta sami Ƙuraishawa, wasu sahabbai suka ce alama ce ta kusantowar Alƙiyama. Babu wanda ya mayar da ita kafin Annabci. Haka nan kada ka yanke cewa azaba ce aka saukar wa wasu mutane takamaimai, don wannan sai da wahayi. Ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu aka yi kusufin rana, mutane suka haɗa biyun, Annabi (SAW) da kansa ya raba su.

Saboda haka ka ci gaba da darasinka. Ka ce Allah Ya ƙaddara abin ta hanyar sababi, mafi ƙarfin hujja aman wuta ne, tauraro mai wutsiya ra'ayi ne na 'yan kaɗan. Uban kuma ka same shi har gida da ladabi, ka karanta masa hadisin tare da bayanin Imamu Shafi'i. Allah ne Mafi sani.