Tambayoyinku: gaban kekena yana tsalle a gangara, in sayi fok mai tsayi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah shawara nake nema. Ina da keken hawan dutse irin mai shokazoba a gaba kawai, tayarsa inci 29, fok ɗin da ya zo da shi, wato ƙafafun nan biyu da ke riƙe tayar gaba, SR Suntour XCM ne mai sifirin, iya nutsewarsa milimita 100. A hanya mai kyau ba ni da matsala da shi amma da na fara gangarowa inda akwai duwatsu sai gaban keken ya dinga tsalle, hannuwana su yi ta zogi, wani lokacin ma in ji ƙwas ya bugi ƙarshe. Abokina ya ce in nemo mai milimita 160 in ɗaura shi ke nan. In bi maganarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya kar ka bi, abokinka ya yi daidai da ya ce fok ɗin ne matsalar amma maganin da ya ba ka zai iya ja maka abin da ya fi ciwon hannu.

Wannan tsallen da kake ji ba gajarta ce ke kawo shi ba. Fok mai kyau abu biyu ne a cikinsa, a ƙafa ɗaya akwai sifirin ko iska mai ɗaukar nauyinka, a ɗaya ƙafar kuma akwai damfa, wato mai da ake matsawa ta ƙananan ramuka don ya rage saurin nutsewa da saurin dawowa. To irin fok ɗin da ke zuwa a kekuna na matakin farko yawanci damfarsu ko babu ko mai rauni ce, sifirin ya sha bugu ya mayar maka da shi yadda ya karɓa, kafin ya daidaita wani dutsen ya iso, shi ya sa tayar ba ta manne wa ƙasa kai kuma hannunka ke biyan bashin. Ga kuma sandunan sama, waɗannan masu sheƙi da ke shiga suna fita, nasu sirara ne milimita 28 zuwa 30, in ka matse birki a gangara suna lanƙwasawa kaɗan su ƙi zamewa yadda ya kamata. Ka gwada yanzu ma, riƙe birkin gaba ka tura keken gaba da baya kana kallon inda sandunan ke shiga, za ka ga wasan da suke yi da idonka.

Yanzu maganar 160. Duk bodin keke an zana shi ne da tsayin fok da zai iya ɗauka. Ƙarin milimita 20 a tsayin fok yana kwantar da wuyan keke da kusan digiri 1, kai kuma 60 za ka ƙara, kusan digiri 3 ke nan, gindin feda ya ɗaga sama, sirdi ya koma baya, in ka zo hawa tayar gaba ta dinga tashi tana yawo, a kwana kuma gaban ya dinga sulɓewa don nauyinka ya bar kansa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wuyan bodin, dogon fok kamar dogon ƙarfen banƙara ne, duk bugun da taya ta sha yana isa wurin waldar wuya da ƙarfin da ba a yi lissafinsa ba, kuma in wurin nan ya tsage kana cikin gudu a gangara fuska ce ke fara isa ƙasa. Kamfanoni da yawa suna rubuta iyakar fok da bodinsu ke ɗauka, in ka wuce garanti ya faɗi. Nemi wannan lambar tukuna. In an yarda, 120 ya ishe ka, mai iska, sanduna milimita 32 ko sama, mai damfa da ake iya saitawa. Wallahi fok na 120 mai damfa ta kirki ya fi na 160 marar ita nesa ba kusa ba.

Kafin ka biya kuɗi ka duba ko zai ma shiga. Bututun da ke shiga wuyan keke iri biyu ne, miƙaƙƙe mai inci 1 da 1/8 daga sama har ƙasa, da mai faɗin gindi wanda ƙasansa ya kai inci 1.5, kuma yawancin fok masu kyau yanzu irin na biyun ne. In wuyan kekenka mai faɗin milimita 44 ne a ciki ana iya sa kofin boris na waje a ƙasa ya karɓi mai faɗin gindin, in tsohon siririn ne to sai miƙaƙƙe, nan zaɓi ya ragu amma akwai irin RockShox Recon da Manitou Markhor da ake yi da miƙaƙƙen bututu. Sai aksul, ƙarfen da ke ratsa tsakiyar taya ya riƙe ta a jikin fok. Kekuna irin naka galibi siririn aksul ne na milimita 9 mai ɗan hannun da ake ɓallewa, sababbin fok kuma mai kauri ne 15 da faɗin 110 wanda ake ce wa Boost, to tayarka ta yanzu ba za ta zauna a ciki ba sai ka canja cibiyar ko tayar gaba ɗaya, mutane da yawa sai kaya ya iso suke gane wannan. Girman taya kuwa 29 ka saya wa 29. Kuma dan Allah in an zo yanke bututun a auna sau biyu a bar ɗan rara, wanda aka yanke ya yi gajere ba ya ƙaruwa.

In ka ɗaura kar ka fita haka nan. Da famfon shokazoba ake sa iska, ba na taya ba. Sa kayan da kake hawa da su, ka tsaya kan feda wani ya riƙe maka ƙaho, tura zoben robar nan na jikin sanda ya sauka ƙasa sannan ka sauka a hankali ka auna inda ya tsaya, kusan kashi 20 cikin 100 ake so, a fok na 120 milimita 24 ke nan. Maɓallin da ke ƙasan ƙafa, galibi ja, shi ne na saurin dawowa, ka danna ƙaho da ƙarfi ka saki, ya dawo da sauri amma kar tayar ta bar ƙasa. In zoben ya yi daidai amma har yanzu kana bugun ƙarshe, kar ka cika iska, in fok ɗin na karɓa a sa ɗan toshin roba ɗaya a ɗakin iskar, shi zai sa ƙarshen nutsewar ya yi tauri farkon kuma ya zauna da laushinsa.

Tambaya: Malam ina ganin masu tseren gangara da fok mai kafaɗa biyu, sandunan har wurin ƙaho. Zan iya sa wa nawa? Yana da shokazoba gaba da baya, gaban 140 ne.

Amsa: A'a ƙanena. Irin su Fox 40 da RockShox Boxxer nutsewarsu wajen milimita 200 ce, aksul ɗinsu 20, an yi su ne don bodin da aka gina musamman saboda su, kuma ƙaho ba ya juyawa sosai da su don sandunan na tokarar bodi. In ƙarfi kake nema a 140 ko 150 duba Fox 36 ko RockShox Lyrik, lambar da Fox ke sa wa sunan ma kaurin sandar ce, 36 ɗin zai ba ka tsayuwar da kake so ba tare da ka taɓa lafiyar bodin ba.

Tambaya: Na samu fok na hannu, mai shi ya ce sau kaɗan ya hau. Me zan duba?

Amsa: Na hannu ba laifi ba ne 'yar uwa, ni ma ina ba da shawararsa, amma a gaban idonki za ki duba shi. Goge sandunan da tsumma ki kai su haske ki bi su da farce, in farcenki ya maƙale a wani karce to wurin zai ci robar da ke tare mai, in kuma kin ga launin ya koɗe a tsaye kusa da bakin robar, datti ya daɗe yana gurza daga ciki, ki bar masa kayansa. Danna shi sau goma ki ga ko zoben mai yana taruwa a jiki, juya kowane maɓalli ki ji yana ƙas ƙas kuma fok ɗin yana canja hali. Auna bututun wuyan da aka riga aka yanke ki gwada da naki, in ya gaza na kekenki magana ta ƙare. Sannan ki tambaye shi yaushe aka canja man ƙafafun ƙasa, RockShox na cewa duk bayan awa 50 na hawa, in ya tsaya yana tunani to ki sa a ranki sabis ne aikin farko kafin ki kai shi gangara.