Tambaya da Amsa: 'Yata na son karatun likita a waje, wace ƙasa zan kai ta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Kubwa nan Abuja. 'Yata ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma sau biyu tana rubuta JAMB likitanci bai samu ba. Wani ejan a Wuse ya kawo mini zaɓi uku: Cyprus ta Arewa da ragin rabin kuɗin makaranta, ko Masar, ko Ingila ta hanyar shekarar share fage. Ina da fili a Kuje da nake shirin sayarwa. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yarinya albarka. Kafin ka kira dillalin fili, ina so mu soma lissafin daga ranar da za ta dawo, ba daga ranar da za ta tafi ba, domin ejan aikinsa ya ƙare da zarar jirgi ya tashi, kai kuwa naka a lokacin ya fara.

Duk wanda ya karanta likitanci a waje, ba zai taɓa majinyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN. Bayan ita sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan hidimar ƙasa, wadda ita ma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardun. Sa'arka ɗaya, duk ofisoshin nan a garinku suke. Ka rubuta cikakken sunan jami'ar, ba sunan ƙasar ba, ka ɗauki rana guda ka je Sakatariyar Tarayya da ofishin MDCN da ƙafarka, ka tambaya ko suna karɓar takardarta a yau. Na ce a yau ne don abin yana canzawa. A 2022 MDCN ta ce ba za ta amince da karatun likitan da aka ƙarasa ta intanet daga Yukiren ba bayan ɓarkewar yaƙi. A Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, bayan ɗan jarida Umar Audu ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako 6. Da aka gama bincike, jami'o'i 5 kacal a Benin da 3 a Togo aka ce an yarda da su. Akwai yaran da suka zauna aji da gaskiya, ƙurar ta haɗa da su.

Sai kuɗi, kuma nan ne na fi ganin iyaye suna faɗawa rami. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, kuɗin makaranta kuwa duk shekara yake dawowa, kuma da dala. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ce kuɗin shekara dala 6,000 ne: uban da ya yi lissafin naira miliyan 2 da dubu 760, sai ga shi ana neman miliyan 9 a hannunsa, albashinsa kuma yana nan inda yake. Abin da ya faru da wasu ɗalibanmu a Jami'ar Teesside ta Ingila ke nan a 2024, suka kasa biya a kan lokaci, aka cire su daga karatu, bizarsu ta shiga matsala. Don haka ka haɗa kuɗin makaranta na shekarun gaba ɗaya, da haya, da abinci, da inshorar lafiya, da sabunta takardar zama, da tikitin zuwa gida, ka ɗora kashi uku bisa goma a kai saboda halin naira. In kuɗin filin bai wuce shekara biyu ba, kuma ba ka san inda na shekara ta uku zai fito ba, to ba ka shirya ba tukuna. Yarinyar da aka dawo da ita daga aji uku, babu digiri babu fili, ta fi wadda ba ta tafi ba ciwon rai.

Yanzu ga ukun da aka kawo maka.

Ingila ka cire ta, sai dai in akwai wata dukiyar da ba ka faɗa ba. Kuɗin likitanci ga baƙi yakan haura fam 30,000 a shekara, shekarun asibiti ma sun fi haka, ga harajin lafiya fam 776 duk shekara. Guraben baƙi a likitanci ƙayyadaddu ne, ana rufe neman gurbi a tsakiyar Oktoba, kuma akwai jarrabawar shiga ta daban. Ita shekarar share fagen da yake ta kwarzanta maka, yawanci ba alƙawarin likitanci ba ce. Da yawa sukan gama ta sai a ce ga kimiyyar lafiya, wadda digiri ne mai kyau amma ba ya mai da mutum likita.

Cyprus ta Arewa kuma, Turkiyya ce kaɗai ta amince da ita a matsayin ƙasa, Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a can, kuma hukumar 'yan Najeriya mazauna waje ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa ta gargaɗi iyaye a kanta fiye da sau ɗaya. Ba na cewa babu makarantar kirki a can. Amma ragin rabin nan kusan kowane baƙo ake ba shi, farashi ne aka ɗaga aka sauke, ba kyautar hazaƙa ba ce. Tambayar da ta fi ragin muhimmanci: jami'ar tana da asibitin koyarwa nata? Gado nawa? Wane yare majinyata ke yi? Likita a bakin gado yake koyon aiki, kuma ɗalibar da ba ta jin abin da tsohuwa ke faɗa game da ciwon cikinta, kallo kawai za ta yi shekara uku. Irin wannan giɓin ne ke kayar da mutane a jarrabawar MDCN.

Cikin ukun, Masar ta fi kusa da halinka. Jami'o'in gwamnati irin su Alƙahira, Ain Shams, Iskandariyya da Mansura tsofaffi ne a fannin, asibitocinsu cike suke da majinyata, darasi da Turanci ake yi, tsarinsu na yanzu shekara 5 ne a aji da 2 na horo a asibiti. Abinci, masallaci da sutura ba za su zame mata damuwa ba, ga 'yan Arewa birjik. Sai dai Larabcin kan titin Alƙahira ba shi ne na Islamiyya ba, dole ta zage ta koye shi tun shekarar farko. Kuma ana neman gurbi kai tsaye ta shafin gwamnatin Masar na ɗalibai baƙi, wanda yarinya mai waya za ta iya cikewa a falonku. Wannan ne ejan ba zai gaya maka ba, tunda da yawansu kamasho suke karɓa daga makarantar da suka kai wa ɗalibi, shi ya sa bakinsu ya fi zaƙi a kan masu zaman kansu.

Akwai ƙofa ta huɗu da bai ambata ba. Tallafin gwamnatin Turkiyya yakan buɗe daga Janairu zuwa Fabrairu, yana ɗaukar kuɗin makaranta, masauki, tikiti da alawus, da shekara guda ta koyon yarensu. Likitanci yana buƙatar maki 90 cikin 100, kuma kada mai nema ya kai shekara 21. Gasa ce mai zafi, amma neman kyauta ne, ba a biyan ko sisi. Kada kuma ku dogara da tsohon tsarin musayar ɗalibai na gwamnatin tarayya, an sanar da dakatar da shi a 2025. Ka kuma leƙa jami'o'in Nile da Baze masu zaman kansu a nan Abuja ka ji farashinsu. Da tsada, amma da naira ake biya, kuma ka tambayi adadin ɗaliban da MDCN ta yarje musu su ɗauka.

In kun tsaya a kan wata jami'a, da ɗan gari akan ci gari: ku nemo ɗalibar Najeriya 'yar aji huɗu a can, ba wadda ejan ya zaɓo muku ba, ita yarinyar da mahaifiyarta su yi magana da ita ta waya. Su tambaye ta nawa take kashewa a wata, sau nawa aka ƙara kuɗi tun zuwanta, da ko ana barinsu su duba majinyaci da hannunsu. Kuɗin makaranta a asusun jami'a ake zubawa, ba na ejan ba, fasfo kuma ba ya kwana a ofishin kowa. Idan ta tafi, duk ƙarshen shekara ta karɓi takardar sakamakonta mai hatimi ta turo maka kwafi. Ɗaliban da aka kwaso daga Khartoum a motocin safa bayan yaƙin Afrilun 2023, da yawansu neman wannan takardar ne ya fi wahalar da su lokacin da suka zo sauya makaranta.