Sauro ne ya saba da magani, ko maganin ne ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin auduga ne a wani ƙauye kusa da Garwa. Shekarun baya idan muka rataya sabon gidan sauro mai magani, da safe mukan tarar da matattun sauro a kan tabarma, amma yanzu sai ka ga sauro ya sauka a jikin ragar, ya huta, ya tashi abinsa. Wasu suna cewa jabun magani ake kawo mana, wasu kuma suna cewa sauron ne ya saba. Ɗana da ke makaranta ya ce malaminsu ya kira abin zaɓin yanayi. Mece ce gaskiyar maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jabun magani akwai shi a kasuwanni, kuma gidan sauro da ya sha wanki da rana ƙarfinsa yakan ragu, amma ko da sabon gida ne mai magani na gaske, abin da ka gani yana faruwa, kuma malamin ɗanka ya faɗi daidai. Abin da nake so in gyara shi ne kalmar "saba". Idan muka ce mutum ya saba da zafin Garwa na watan Afrilu, muna nufin jikinsa shi kansa ya koyi jurewa. Sauro ba ya samun wannan dama, domin kwanakinsa a duniya ba su cika wuce makonni biyu ko uku ba, kuma wanda maganin zai kashe, saukarsa ta farko ta isa. Babu sauro ɗaya da ya sauya. Abin da ya sauya shi ne irin sauron da ya fi yawa a garinku.

Kai manomi ne, don haka ka riga ka san rabin bayanin. Idan aka girbe masakwa, kana ware zangarniyar da ta fi cika ido ka ajiye ta a matsayin iri, sauran kuma a kai turmi. Ba kai ka halicci wannan zangarniya ba, a cikin gonar ka tarar da ita, amma da yake ita kaɗai ka bari ta haihu, bayan wasu shekaru gonarka duka ta ɗauko kamanninta. Da irin wannan misali na manoma da masu kiwon tattabaru Charles Darwin ya buɗe littafinsa na shekarar 1859, bayan an karanta bayaninsa da na Alfred Wallace tare a Landan a 1858. Abin da suka lura shi ne, ko babu manomi tacewar tana gudana, muddin abubuwa uku suka haɗu: 'ya'yan jinsi ɗaya ba su zama daidai da juna ba, bambancin yana bin gado, kuma ana haifar fiye da adadin da zai rayu ya hayayyafa. Wannan tacewar ita ce ake kira zaɓin yanayi. Fari, cuta, yunwa ko guba, kowanne yana iya zama rariyar.

A gidanka maganin da ke jikin ragar shi ne rariyar. Ana kiran danginsa firetiroyid, kuma aikinsa shi ne ya manne a wata ƙaramar ƙofa da ke cikin jijiyoyin ƙwaro ya hana ta rufuwa, sai ƙwaron ya sandare ya faɗi. To, a cikin dubban sauro akwai 'yan kaɗan da aka haifa da ɗan sauyi a ƙwayar gadonsu, wanda ya sa siffar ƙofar ta bambanta har maganin ba ya kama ta sosai. An gano wannan sauyi a sauron Afirka ta Yamma a shekarar 1998. Akwai kuma waɗanda jikinsu ke samar da sinadarai masu yawa da ke narkar da gubar kafin ta yi aiki. Ba maganin ne ya haddasa waɗannan sauye-sauye ba. Suna aukuwa ne jefi-jefi wajen kwafar gado daga iyaye zuwa ɗa, kuma kafin zuwan magani ba su da wani amfani ga mai su.

Bari mu yi lissafi na misali kawai. A ce cikin sauro 1,000 guda 10 ne masu juriya. Magani ya kashe sauran ya bar kusan 50, masu juriya kuma 9 suka tsira. Jiya ɗaya ne cikin ɗari, yau sun kai kusan 15 cikin ɗari, alhali ko ɗaya bai ƙaru ba. Macen sauro tana zuba ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, kuma a zafin damina kwana goma zuwa sha huɗu sun isa ƙwai ya zama sauro mai tashi. Idan aka sake tacewa a zuriya ta biyu, lissafin zai haura kashi 70. A zahiri abin bai kai haka sauri ba, saboda ba kowane sauro ke taɓa ragar ba, kuma sau da yawa sai ɗa ya gaji sauyin daga uwa da uba kafin ya yi masa cikakken amfani, amma hanyar ke nan.

Akwai wani ɓangare da ya shafi sana'arka kai tsaye. Feshin da aka daɗe ana yi wa tsutsar auduga yana ɗauke da magunguna 'yan gida ɗaya da na gidan sauro, kuma ruwan sama yana wanke su zuwa kududdufan da 'ya'yan sauro ke girma. Masu bincike da suka kama sauro a yankin auduga na Pitoa, nan kusa da ku, sun ga juriyarsa tana da alaƙa da wannan feshi. Wato tun yana cikin ruwa an riga an tace shi, kafin ya taɓa ganin ɗakin kwananka. Ita ma tsutsar audugar ta bi wannan hanya, shi ya sa ake sauya wa manoma irin maganin feshi a tsakiyar damina.

Manya za su tuna da Nivaquine, wadda a da ƙwaya kaɗan ke saukar da zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar da ke jure mata ta fara ɓulla a kan iyakar Tailan da Kambodiya a ƙarshen shekarun 1950, ta isa Gabashin Afirka a 1978, daga baya ta game nahiyar har aka daina ba da maganin. Amma abin lura shi ne abin da ya faru a Malawi, wadda ta janye shi a 1993: cikin kusan shekara goma ƙwayoyin masu juriya suka kusan ɓacewa, domin juriyar tana da tsada a jikinsu, kuma da aka ɗauke rariyar sai 'yan'uwansu marasa juriya suka fi su yaɗuwa. Wannan ya sa ba na son a fassara zaɓin yanayi da cewa mai ƙarfi ne ke rayuwa. Wanda ya dace da halin da ake ciki ne ke barin zuriya, kuma hali yana juyawa.

Mu kanmu ba mu tsira daga wannan ba. Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai ɗauke da gadon sikila guda ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu, duk da cewa idan masu ɗauke da shi biyu suka yi aure, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama mai ciwon.

Kada ka cire gidan sauronka, Malam. Ko maganin ya yi rauni, ragar tana raba sauro da fatar yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2017 da gidajen da aka ƙara wa wani sinadari mai hana sauro narkar da gubar, a 2023 kuma da masu magani biyu mabambanta, domin da wuya sauro ɗaya ya gaji juriyar duka biyun. Idan an zo rabo, ka tambayi ma'aikatan lafiya wane iri ne, ka shanya shi a inuwa bayan wanki, ka kuma ɗinke duk hujin da ka gani.